Babi na Shida: Bakin Inji da Wutsiyarsa

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Kalgo da sassafe a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da shinkafar rani ta nuna a fadama, zai ga samari rukuni-rukuni a bakin titi. Kowa da 'yar jakar buhu a kafaɗa, da lauje naɗe cikin tsumma, wasu da buta ɗaure a jikin jakar. Akwai 'yan ƙasar Gwandu, daga irin su Dalijan da Kambaza da Malisa, inda gero da dawa suka fi yawa, aikin gona kuma ya ƙare tun kaka. Akwai Zamfarawa da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Akwai waɗanda suka ƙetaro daga Dosso da Gaya da Dogon Dutsi ta Kamba ko Kangiwa, Arawa da Zabarmawa, waɗanda da sun buɗe baki ka san inda suka fito. A da, duk waɗannan samari fadama suke nufa, ko kuma motar Ibadan da Legas suke jira. Yau da yawansu ƙofar kamfanin shinkafa suke tambaya.

Cin rani tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazarin wani ƙirge da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 a manyan hanyoyi da mashigan ruwa na masu fita daga Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ƙasar Gwandu da Argungu da Yawuri duk suna cikinsa. An ƙirga mutum sama da 250,000 a rani guda, yawancinsu 'yan lardin, wasu kuma daga ƙasar da Faransa ke mulka a lokacin, wato Nijar ta yau. Wasu gonakin koko na ƙasar Yarabawa suka nufa, wasu Kumasi, wasu haƙar kuza a Jos. Kakanninmu ke nan, kuma da yawansu a ƙafa suka tafi.

Wannan tafiya tana da ƙa'idarta. Mutum ya rage baki a kan rumbu, ya samo kuɗin haraji da na suturar iyali, in saurayi ne ya tara na aure, sannan da hadari ya fara haɗowa daga gabas ya ɗaure kayansa ya koma gona. A wurin aikin ma da bakinsa yake shiga. Zai dubi faɗin gonar, ya dubi kaurin shinkafar, ya ce jinga kaza, mai gona ya taya, a daidaita. Daga nan saurin aikin a hannunsa yake. In rana ta take ya shiga inuwa, in aka kira salla ya ajiye lauje. Aiki ne mai wuya, kuɗinsa kaɗan, kuma kada wani ya ɗauka ina yi masa ado ne. Amma mutum yana da ta cewa a kan jikinsa da lokacinsa. Wannan ta cewar ce nake so mu bi sawunta har cikin kamfani, mu ga inda ta shige.

Yadda kamfanonin suka zo sananne ne. A ranar 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoma rance, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi. A Disambar 2016 shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa. A Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe kamfanin WACOT a Argungu, mai iya cin shanshera tan 120,000 a shekara, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai duk mai ɗan jari ya so ya kafa nasa injin, manya da matsakaita da ƙanana suka yi ta tsirowa daga Kebbi har Kano da Jigawa. A babin da ya gabata ta idon manomi muka kalli wannan labari. A nan ta idon mai ɗaukar buhu za mu kalle shi.

Bari in fara da tsakar gidan kakata, domin can na fara ganin yadda shanshera ke zama shinkafa. Da la'asar za ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta kwana. Da asuba a tsame, a ɗora a wuta cikin babbar tukunya da ruwa kaɗan a ƙasa, a rufe bakin da buhu, tururi ya ratsa ta har ɓawon ya fara tsagewa. Sai shanya a kan tabarmi, ana juyawa da ƙafa, mu yara muna korar kaji da awaki. Ba ta da agogo, ba ta da ma'auni. Ƙwaya ɗaya za ta ɗauka ta ciza, in ta ji ta yi ƙas a haƙori sai ta ce a kwashe, domin in rana ta wuce da ita haka, a turmi za ta farfashe ta koma tsaki. Bayan casa sai bakace a faifai, sai tsintar tsakuwa da baƙar ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Mata huɗu ko biyar ke taruwa a kan wannan aiki, kowacce da ladanta, wata mudu, wata dusa, kuma da shi kakata ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Duk waɗannan matakai suna nan a cikin babban kamfani, sai dai ƙarfe ne ke yin su. Ana auna mota a kan sikeli da kayanta, a sake auna ta in ta sauke. Wata 'yar na'ura ce ke faɗin yawan danshin da ke cikin ƙwaya, abin da haƙorin kakata ke yi, kuma wajen kashi 14 cikin ɗari ake nema kafin casa. Ana juye shanshera cikin wani rami, ƙananan bokitai da ke jikin bel su yi sama da ita, rariyoyi masu girgiza su fitar da kara da ƙasa, wani inji ya ware tsakuwa ta hanyar nauyi. Daga nan sai manyan tankunan jiƙo, sai tururi daga tukunyar da buntun shinkafar kanta ake hura mata wuta da shi, sai injin busarwa mai tsawon bene. Robobi biyu masu juyawa su ɓare ɓawo, wani inji ya goge dusa, wani ya raba karyayya da lafiyayya. Na ƙarshe shi ya fi ba ni mamaki ranar da na fara ganinsa. Ƙwayoyi na gangarowa kamar ruwan sama, kyamarori na kallon kowacce, duk wadda launinta ya saɓa sai wata 'yar iska mai ƙarfi ta fyaɗe ta gefe. Aikin da mata ke kwana biyu a kansa da faifai a cinya, a nan kafin ka ƙifta ido an wuce shi.

Ni ina son wannan inji, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba. Shi ya cire wa shinkafar gida tsakuwar da ta sa mutanen birni suka guje ta shekara da shekaru. Ba don shi ba, da manomin Diggi da Zuguru bai sami kasuwar da ya samu ba.

Amma inji yana da baki, yana da wutsiya, kuma a waɗannan wurare biyu ne ɗan cin rani ke tsayawa. A baki, sai an sauke buhun shanshera daga mota, an kai shi bakin rami, an farke, an juye. A wutsiya, sai an ɗauke buhun da aka ɗinke daga kan bel, an jera a sito, an sake ɗauka an loda wa tirela. Mu yi ɗan lissafi. Duk kamfanin da zai ci shanshera tan 120,000 a shekara zai fitar da shinkafa wajen tan 75,000, wato buhu miliyan ɗaya da rabi mai kilo 50, lodin tirela 2,500 ke nan in kowacce ta ɗauki buhu 600 kamar yadda aka saba. Wannan wutsiyar kaɗai ce, ba a zo ga buhunan shanshera ba, waɗanda suka fi nauyi nesa ba kusa ba, domin 'yan kasuwa kan danna musu kilo 80 har zuwa 100. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Inda aka sa bel da motar ɗaga kaya, ƙarfe ne ke ɗaukar wannan nauyi. Inda ba a sa ba, wuyan mutum ne.

Wani rani na samu shiga wani matsakaicin kamfani da ba zan kama sunansa ba. An fara kai ni ɗakin da ake sarrafa injinan. Ɗaki ne mai sanyi, da kwamfuta biyu, da wani saurayi mai difiloma sanye da riga mai tambarin kamfani, katin shaida rataye a wuyansa. Albashin wata yake karɓa, ya san ranar hutunsa. Na ƙirga irinsa a duk ginin, ban cika yatsun hannu biyu ba. Da muka sauko ƙasa sai na ji kamar an watsa mini garwashi a fuska. Ƙara ta cika kunne har sai ka sa baki a kunnen mutum zai ji ka, ƙurar buntu na yawo a cikin hasken da ke shigowa ta ƙofa, irin wadda ke sa ido ja da ƙaiƙayin jiki. Can wajen wutsiyar bel ga mutum goma sha biyu, ba riga, kowa da gammon tsumma a ka, wasu da silifas, wasu ƙafa a ƙasa. Biyu na ɗora wa mutum buhu, shi kuma ya ruga a kan wani katako da aka jingina da bayan tirela, ya jefar, ya sauko da gudu, kafin ya iso wani buhun ya riga ya zo.

Da aka ɗauke wuta na ɗan lokaci sai suka zube a ƙasa. Na matsa kusa da wanda ya fi su shekaru, dattijo mai furfura a gemu, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gwandu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, buhu nawa kuke ɗauka a wuni?"

Ya goge fuska da gammonsa ya ce, "Ɗana, mu ba mu ƙirga, inji shi ka ƙirga. In ya turo, ɗauka za ka yi. Da can in munka yi jinga ga fadama, mu ka cewa yanzu a tsaya a sha hura. Nan sai wuta ta ɗauke."

Na ce, "Salla fa, Baba?"

"Bibbiyu muke zuwa. Waɗanda sunka rage su riƙe wurin mutum sha biyu."

Na tambaye shi wa ke biyansu. Ya nuna mini wani mutum da ke zaune a inuwa a kan babur, da ɗan littafi a hannu. Kamfani da shi ya yi ciniki a kan kowane buhu, shi kuma ya yi nasa cinikin da su, abin da ke tsakani nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dattijon ya shekara huɗu yana zuwa wannan ƙofa duk rani, amma a takardun kamfanin babu inda sunansa ya fito.

Na daɗe ina juya abin da na gani a wannan rana. Injin da ke ware baƙar ƙwaya yana cikin mafiya tsada a ginin, daga ƙasar waje aka kawo shi, kuma in ya lalace sai an kira gwani. Bel ɗin da zai ɗauki buhu daga bakin sito ya hau da shi cikin tirela kuwa, maƙeran ƙarfe na Kano za su iya haɗa shi, kuɗinsa bai kama ƙafar na wancan ba. An sayi na farko, an bar na biyu. Dalilin a fili yake. Mai kamfani yana zuba kuɗi a inda inji zai ƙara wa shinkafa daraja a kasuwa. Inda kuwa inji zai rage wa mutum wahala ne kawai, sai ya yi lissafi ya ga wuyan baƙo ya fi arha, ba ya shan dizal, ba ya buƙatar kayan gyara, in ya gaji akwai wasu ashirin a bakin ƙofa. Haka inji ya kwashe tsakiyar aikin, inda gwaninta take, inda ido da hannu da haƙori ke da daraja, ya bar wa ɗan cin rani ɗaukar nauyi tsagwaronsa, sannan ya ɗora masa saurin da ba shi ya zaɓa ba.

Ba a nan kaɗai abin ya bi wannan hanya ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, 'yan ci-rani daga Mekziko ne ke tsinkar tumatir a ƙarƙashin wani shiri da ake kira Bracero, wanda ya fara a 1942 ya ƙare a 1964. Masana a jami'ar jihar da ke Davis suka ƙera injin girbin tumatir, suka kuma samar da irin tumatir mai taurin fata da zai jure wa injin. Kafin 1970 kusan duk tumatirin gwangwani na jihar inji ke girbe shi. Aikin da ya rage wa mutane shi ne tsayuwa a kan injin yana tafiya, cikin ƙura da ƙara, ana tsince ruɓaɓɓe da ɗanye daga kan bel, kuma mata aka fi sa wa. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo na'ura mai gane launi, ita ma wannan tsintar ta ragu ƙwarai. A zamaninmu kuma, kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera mutum-mutumi a 2012, mutum-mutumin suka riƙa kawo wa ma'aikaci kaya har inda yake tsaye. Tafiya ta ragu, amma yawan kayan da ake son ya ɗauka a awa ya ninka. Wani bincike da 'yan jaridar Reveal suka fitar a 2020, daga takardun kamfanin kansa, ya nuna munanan raunuka sun fi yawa da kusan rabi a rumbunan da ke da waɗannan na'urori. Abin da dattijon Gwandu ya gaya mini ke nan, da wani harshe.

Akwai kuma maganar damina, wadda ita ce ta fi taɓa ɗan cin rani a matsayinsa na manomi. Inji bai san shuka ba. Matuƙar akwai shanshera a rumbun ƙarfe, aiki yake so dare da rana. Wanda ya ce zai koma gida ya yi shuka da noman fari, in ya dawo zai tarar an ba wani gammonsa. Wanda kuma ya saki gonarsa ya zauna, ranar da shanshera ta yanke ko wani ƙarfe ya karye, ba shi da ko sisi, domin a kan buhu ake biyansa, babu buhu babu kuɗi. An ga haka bayan Yulin 2024, da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafar da ba a goge ba, na tsawon kwana 150. Masu kamfanoni suka yi ta kukan kasuwa ta faɗi, wasu suka rage aiki, wasu suka kashe inji. Mai katin shaida aƙalla yana da takardar da zai nuna ya nemi haƙƙinsa. Masu gammo kuwa, da safe suka zo suka tarar da ƙofa a rufe. Asarar injin da ya tsaya, kafaɗar baƙo ce ke fara ɗaukarta.

Wani lokaci kuma ƙofar ta ciki ake rufewa. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda a Kano suka fito da ma'aikata daga wani kamfanin shinkafa a Challawa, suka ce mutum 126 ne, waɗanda suka shaida cewa tun ƙarshen Maris ba a bar su sun fita ba. Kasuwar shinkafa na ci a lokacin, ba a so inji ya tsaya ko na awa ɗaya. Mutumin da danginsa ke unguwar kusa, da wuya a yi masa haka wata uku ba a ji ba. Wanda gidansa ke nesa shi ake iya yi wa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokokin suna nan. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci takardar da ke bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami magani da diyya, kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da wanda aka ɗauka da baki a cikin waɗanda ta rufa. Dokar masana'antu ta ce a killace duk wani sashe na inji mai haɗari. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira 30,000 a 2019 da naira 70,000 a 2024, ta bar wata kafa: ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan wanda ake biya a kan yawan abin da ya yi ba. Ta wannan kafa ɗan kwangila ke shiga da littafinsa. A takarda kamfani na da ma'aikata kaɗan masu tsabta, a ƙasa kuma ga ninkinsu da ba wanda ya san da su.

A wancan kamfani da na ziyarta, dattijon ya ba ni labarin wani yaro ɗan wajen Dosso da bel ya kama masa yatsu uku yana ƙoƙarin zaro bakin buhu da ya maƙale, a wurin da babu murfi. An kai shi asibiti, an biya ɗinki, ɗan kwangila ya ba shi kuɗin mota. Na ce, "Baba, bai kai ƙara ba?" Ya dube ni ya ce, "Wurin wa, ɗana? Baƙo raɓa na." Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijar damar shigowa ba biza, amma bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris 2024, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin jama'a suna shige da fice, amma yaron da bai tabbata da matsayinsa ba, ba zai doshi ofishin hukuma da hannu a naɗe ba. Gida zai koma, kuma da wannan hannun zai riƙe hauya har ƙarshen ransa.

Kada a ce haka aikin inji yake, dole ne. Mun taɓa ganin wani abu daban a Arewa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran da suka biyo ta, cike suke da injina, ma'aikatansu kuma yawanci baƙi ne daga Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna da ƙauyukan Hausa. A Kano ma, Paul Lubeck, wanda ya zauna da leburorin masana'antu a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu gardawa ne da 'yan cin rani, kuma lokacin salla na cikin abubuwan da suke ja da shugabannin kamfani a kansa. Waɗannan mutane sun sha wuya, amma sunansu na cikin littafin kamfani. Da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafu a 1978, suka riƙa zama da masu kamfanoni ana rattaba hannu a kan albashi da hutu da kuɗin sallama. Ɗan ƙauye ya shiga yana share ƙasa, ya koyi injin kaɗi ko na saƙa, ya zama shugaban layi, ya gina gida, ya sa 'ya'yansa makaranta. Akwai tsani daga ƙasa zuwa sama. Yawancin masaƙun sun mutu, ta farkon da ke Kakuri ta rufe a 2002, wannan wani babin ne. Abin da nake nufi shi ne, a kamfanin shinkafa na yau tsanin ne babu. Mai gammo zai shekara goma a wutsiyar bel ba wanda ya taɓa nuna masa makunnin da ke tsayar da shi.

Yanzu kuma inji ya biyo ɗan cin rani har fadama. Motar girbi, wadda ke yanka ta casa ta zuba a buhu lokaci guda, ta fara shiga manyan gonaki, tana gama abin da gungun masu lauje da masu bugu a jikin duro ke kwanaki a kansa. Matan da ke bin masussuka suna shiƙa a ba su mudu, su ma nasu ya tafi tare. Ƙanƙantar gonaki da taɓon fadama ne suka tsare wa lauje wurinsa zuwa yanzu. Duk wanda motar girbi ta kora daga fadama, layin ƙofar kamfani zai ƙara wa tsawo, kuma tsawon layin nan shi ke sa bel ɗin lodi ya zama asara a lissafin mai kamfani.

Gwandu gari ne na ilimi tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin ijara a fiƙihu ya san sharaɗi ne a san aikin, a san ladan, a san wa'adin, kafin a ƙulla. Masu kamfanonin nan da yawa 'yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Abin da nake nema a wurinsu bai fi ƙarfinsu ba. A rubuta sunan duk wanda ya ɗauki buhu a harabar kamfani a littafin kamfanin, ko ta hannun wa ya zo. A sa murfi a kan bel, a ba mutane abin rufe hanci da takalmi. A daina karɓar buhun shanshera da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. A sayi bel ɗin lodi. A yarda da hutun shuka, mutum ya tafi ya dawo wurinsa na nan. Duk shekara a zaɓi wasu daga cikin masu gammo a koya musu inji, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Jami'ar Tarayya a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ba a rasa inda za a yi gajeren horo da Hausa ba. Gwamnatin jiha da ke ba kamfanoni fili da hanya da wuta tana da bakin da za ta sa waɗannan a cikin sharuɗɗanta, jami'an ƙwadago kuma su riƙa wuce ɗakin mai sanyi su sauka ƙasa.

Kai kuma mai karatu, in kana da ƙane ko ɗa da zai tsaya a mararrabar Kalgo a ranin bana, ka ja shi gefe kafin ya hau mota. Ka ce masa kafin ya ɗora buhun farko ya tambaya a littafin wa aka rubuta sunansa, da nawa kamfani ke biya a kan buhu, da wanda zai ɗauki nauyinsa in ya ji ciwo, kuma ya turo maka sunan kamfanin da lambar wayar wanda ya ɗauke shi tun a daren farko.